Zubi da Dami a Kiɗan Jaz: Sharhi a Kan Ra'in "Kowane Dami da Tsaninsa"

1.0 Gabatarwa

Akwai wani jadawali da kusan duk mai koyon kiɗan jaz a makaranta yake cin karo da shi tun a darussan farko. A ɓangaren hagu an jera gungun sautukan da mai fiyano yake dannawa a lokaci guda, a ɓangaren dama kuwa an ajiye wa kowane gungu jerin sauti bakwai tare da wani suna na Girkanci. Koyarwar ita ce, duk sa'ad da mai busa ya ga gungu kaza a takarda, to ya ɗebi abin da zai busa daga jeri kaza, ba zai yi kuskure ba. Wannan koyarwa ta yi kaka-gida a makarantun kiɗa na Amurka, daga can kuma ta bi littattafai da faya-fayan koyo ta bazu a duniya.

Wannan maƙala sharhi ce a kan wannan ra'i, wanda za a kira shi a nan ra'in "kowane dami da tsaninsa". Za a auna shi ne da faifan da masu ra'in suka fi kafa hujja da shi, wato Kind of Blue na Miles Davis, da kuma wani kiɗa na John Coltrane da aka ɗauka makonni biyu bayan kammala wancan, duka a shekarar 1959. Abin da ake son nunawa shi ne, jerin sauti ba ya zama abin da kunne zai shaida da sunansa sai an ba shi wurin zama an kuma ba shi lokaci. Inda waɗannan biyu suka samu, jadawalin yana da abin faɗa. Inda ba su samu ba, sunaye kawai yake tarawa.

Mai karatu yana iya tambayar me ya kawo zancen jaz cikin mujallar harsuna. Dalili na farko shi ne ƙirƙirar kalmomin fannu, domin ba za a tattauna wannan batu da Hausa ba sai an sama wa abubuwa sunaye. Na biyu kuwa, manazarcin waƙar baka da ya sami ɗan ilmin kiɗan Turai yakan ji sha'awar liƙa wa goge da garaya waɗannan sunaye na Girkanci, saboda haka ya kamata a san nauyin da sunayen za su iya ɗauka kafin a ɗora musu kaya.

2.0 Kalmomin Aiki

A dubi fararen maɓallan fiyano. Sunayensu bakwai ne, C D E F G A B, daga nan sai a sake komawa kan C a sama. Irin wannan jeri na sautuka daga ƙasa zuwa sama shi za a kira tsani. Matakan wannan tsani ba daidai suke ba: tsakanin E da F, da kuma tsakanin B da C, rabin taku ne, sauran duka cikakken taku ne. Baƙaƙen maɓallai su suka raba cikakkun takun gida biyu. Alamar ♭ tana nufin an sauke sauti da rabin taku, alamar ♯ kuma an ɗaga shi da rabin taku.

Idan aka hau tsanin daga C zuwa C, za a ji do-re-mi ɗin nan da ake koya wa yara a firamare. Amma ana iya ɗaukar waɗannan sautuka bakwai ɗin, ba ƙari ba ragi, a mai da D ta zama inda kiɗa yake tashi yake kuma komawa ya huta. Da zarar an yi haka, rabin takun nan biyu sun faɗa a wasu wurare dabam idan aka ƙirga daga wurin hutawa, sai launin kiɗan ya sauya gaba ɗaya. Sautin da ake komawa a huta a kansa shi ne mazauni. Da so samu ne a kira shi turke, to amma kalmar ta riga ta sami aiki a nazarin waƙar baka, inda take nufin jigo. Tsani tare da mazauninsa kuwa shi za a kira zubi, bisa kwatancen maƙerin farfaru da yake narka ƙarfe iri ɗaya ya fitar da siffofi mabambanta.

Zubi bakwai ke fita daga fararen maɓallai. Mai mazauni a C shi ne Ayoniya, na D Doriya, na E Firjiya, na F Lidiya, na G Miksolidiya, na A Iyoliya, na B kuma Lokriya. Sunayen ƙabilu da yankunan tsohuwar duniyar Girkawa ne, amma kada su ruɗe mu. Malaman cocin Turai na tsakiyar zamani ne suka aro su suka ɗora wa zubi takwas na waƙoƙin ibadarsu, ta hanyar da ba ta dace da yadda Girkawan suka yi amfani da su ba. Ayoniya da Iyoliya ma sai a 1547 wani malami ɗan Suwizalan, Heinrich Glarean, ya shigar da su cikin lissafi a littafinsa Dodecachordon. Ke nan sunayen sun riga sun yi aro biyu kafin su iso hannun makaɗan jaz.

Hanya mafi amfani ta bambance zubi da zubi ita ce a ɗora su a mazauni guda a kwatanta. Doriya a kan D ita ce D E F G A B C. Iyoliya a kan D ita ce D E F G A B♭ C. Sauti ɗaya tak ya raba su, wato na shida. A riƙe wannan, domin za a dawo kansa.

Sautuka uku ko fiye da aka buga tare su ne dami, kamar yadda ake ɗaure zangarniya wuri guda. Yadda aka saba ɗaure shi shi ne a ɗauki ɗaya a tsallake ɗaya: D F A C, ko G B D F, ko C E G B. Awo shi ne yankin lokaci mai bugu huɗu. Ƙirƙirar nan-take kuwa ita ce abin da mai busa yake yi in an ba shi fili, ya shirya sabon kari a daidai lokacin da yake busa shi, abokan kiɗa suna maimaita jerin dammunan a ƙarƙashinsa.

3.0 Asalin Ra'in

Tushen maganar yana wurin George Russell, wani makaɗi Baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya fara tsara tunaninsa yana kwance a asibiti da ciwon tarin fuka a 1945 zuwa 1946, ya kuma buga shi a 1953 da sunan Lydian Chromatic Concept of Tonal Organization. Tambayar da ya yi ita ce: wane tsani ne ya fi kama da dami, har a ce su biyun abu ɗaya ne, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance? Amsarsa ta ba mutane mamaki. Ya ce ga damin C E G B, tsanin do-re-mi bai dace ba, domin F da ke cikinsa tana zaune rabin taku a kan E, tana gogar ta, tana neman sauka. Idan kuwa aka tashi daga C ana hawa biyar-biyar, za a sami C G D A E B F♯, waɗanda in an jera su suke ba da Lidiya. A ganinsa Lidiya ita ce take zaune lafiya da damin, do-re-mi kuwa kullum a kan hanyar zuwa gida take.

Adalci ya wajabta a ce Russell bai tsaya a nan ba. Ya bambance mai busa da yake bin kowane dami ɗaya bayan ɗaya da wanda yake riƙe tsani guda ya ratsa dammuna da yawa da shi. Ya ma kawo kwatancen tafiya a kogin Misisifi, inda Coleman Hawkins yake kamar jirgin ruwan da ke tsayawa a kowane gari, Lester Young kuwa kamar wanda ba ya tsayawa sai a manyan tashoshi. Hanyoyin biyu duka ya amince da su.

Abin da ya shiga aji daga baya rabin wannan tunani ne. Littattafan koyarwa irin su Improvising Jazz na Jerry Coker a 1964, da faya-fayan koyo na Jamey Aebersold da suka fara fita a 1967, da manhajar kwalejin Berklee ta birnin Boston, har zuwa The Jazz Theory Book na Mark Levine a 1995, sun taimaka wajen mayar da dangantakar dami da tsani ginshiƙin darasi. A wannan sigar ta makaranta an mayar wa damin C da Ayoniyarsa, sai aka sa wa F lamba aka ce sauti ne da ake kauce wa. Jirgin da ke tsayawa a kowane gari ya ci kasuwa, saboda shi ya fi sauƙin rubutawa a allo da kuma sa wa maki a jarrabawa.

4.0 Abin da Kunne Yake Ji a "So What"

An ɗauki faifan Kind of Blue a zama biyu, ranar 2 ga Maris da ranar 22 ga Afrilu 1959, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia a birnin Niyu Yok. Davis ne a kan tirampet, Coltrane da Cannonball Adderley a kan saksofon, Paul Chambers a kan bes, Jimmy Cobb a kan ganguna, Bill Evans kuma a kan fiyano, in ban da kiɗa guda da Wynton Kelly ya buga. Evans ya riga ya yi aiki da Russell kafin wannan lokaci, shi kuma Davis ya riga ya gwada hanyar a "Milestones" a 1958. Davis ya bayyana a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1989 cewa yana neman wani amo ne da ya ji a wasan ƙungiyar raye-raye ta ƙasar Gini, musamman na ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da 'yan yatsu, kuma a nasa ganin bai kai ga abin da ya nema ba.

Kiɗan farko a faifan, "So What", awo 32 ne: 16 a Doriya ta D, 8 a Doriya ta E♭, sannan 8 a koma D. Shi ke nan. Tun da zagayen yana maimaituwa, takwas na ƙarshe suna haɗuwa da sha shida na farkon zagaye na gaba, sai a sami awo 24 a jere ba tare da mazauni ya motsa ba, wato kimanin sakan 40. A wannan tsawon lokaci bes yana ta kewayawa yana dawowa kan D har kunne ya sallama cewa nan ne gida. Sai bayan kunne ya sallama ne sauran sautuka suke samun matsayi: F ta ba da duhu, C ta ƙi tura mutum sama, B kuma ta ba da ɗan hasken da ya raba Doriya da Iyoliya.

Abin lura na biyu yana hannun Evans. A farkon kiɗan bes ne yake jan baki, fiyano yana karɓa da dami biyu, kamar jagora da 'yan amshi, daga baya masu busa su shigo cikin amshin. Damin farko shi ne E A D G B, na biyu D G C F A. Ba a ɗaure su ta hanyar ɗauki ɗaya tsallake ɗaya ba, hawa huɗu-huɗu aka yi sau uku kafin a rufe da hawa uku, shi ya sa ba sa nuna wata alƙibla da suke son a bi. Idan aka haɗa sautukan dammunan biyu aka cire maimaici, za a sami D E F G A B C cif. Wato zubin ne gaba ɗaya aka raba gida biyu. A nan zubi ne uban gida, dammuna kuwa yaransa ne, ana ɗaure su ana kwancewa yadda aka ga dama muddin ba a bar mazauni ba. Jadawalin makaranta ya kifar da wannan dangantaka, ya sa dami a gaba yana ba da umarni, zubi yana biye.

Na uku shi ne abin da ke faruwa a awo na 17. Komai yana ɗagawa da rabin taku zuwa E♭ F G♭ A♭ B♭ C D♭. Cikin sautuka bakwai, biyu kaɗai suka tsira daga sauyin, F da C. Ko wanda bai taɓa ganin fiyano ba zai ji an shiga wani ɗaki. Sauyin zubi na gaskiya ke nan, kunne ne shaidarsa.

Yadda masu busan uku suka yi da wannan fili ya isa darasi. An ba su sautuka iri ɗaya, amma ba mai ɗaukar ɗayansu a madadin wani. Davis yana yin gajerun jimloli, yana barin sarari mai faɗi a tsakaninsu, yana yawan dogara a kan D da F da A, a zagayensa na biyu kuma ya jingina a kan C da E da G ya bar su suna shawagi a saman mazauni. Coltrane yakan kama ɗan guntun kari ya juya shi ya sake juya shi, yana ƙara masa gudu da nauyi. Adderley kuwa da guzurinsa na tsohon salo ya shigo, yana saƙa layuka masu cike da sautukan da babu su a Doriya, kamar yana jin wasu dammuna da ba wanda yake bugawa. Da jerin sauti bakwai shi ne sirrin, da an ji abu ɗaya sau uku. Sirrin yana wajen sanin wurin bugu: wane sauti za a tsaya a kansa, a wane bugu, na tsawon wane lokaci. Jadawalin ba shi da gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hasali ma, ɗaukar faifan nan dungum a matsayin kiɗan zubi akwai ƙarin gishiri a ciki. Kiɗa biyar ne a faifan. "Freddie Freeloader" da "All Blues" bulus ne mai awo 12. "Blue in Green" zagaye ne na awo 10 cike da dammuna masu jan juna. "So What" da "Flamenco Sketches" ne kaɗai aka gina a kan zubi zalla. A na ƙarshen an ba kowane mai busa zubi biyar a jere, ya zauna a kowanne gwargwadon yadda ya so kafin ya wuce, abin da yake ƙara tabbatar da cewa a wajen waɗannan makaɗa zubi wurin zama ne.

5.0 Inda Dammuna Suke Gudu

Mafi yawan kiɗan jaz da aka gada daga shekarun 1930 zuwa 1950 ba haka aka gina shi ba. Dammuna suna sauyawa kowane awo, ko sau biyu a awo, kuma jerin da ya fi yawa shi ne wanda makaɗa suke kira biyu-biyar-ɗaya. Idan mazauni C ne, jerin shi ne D F A C, sai G B D F, sai C E G B. Jadawalin ya ce a busa Doriya ta D a kan na farko, Miksolidiya ta G a kan na biyu, Ayoniya ta C a kan na uku.

To, a duba da kyau. Doriya ta D fararen maɓallai ce. Miksolidiya ta G fararen maɓallai ce. Ayoniya ta C ita ma haka. Sauti ko ɗaya bai sauya ba, alhali a "So What" biyar suka sauya. Mazauni ma bai sauya ba, domin tun daga damin farko kunne ya san C aka nufa, D zango ce kawai. An ba ɗalibi sunaye uku ga abu guda, an sa shi yana sauya tunani sau uku a wurin da kiɗan yake tafiya ɗaya miƙaƙƙiya. Wannan ne ya sa tsofaffin hannu irin su Barry Harris, mai fiyano da ya shafe shekaru da dama yana koyarwa a Niyu Yok har zuwa rasuwarsa a 2021, ba su yarda da raba wannan jeri zuwa zubi-zubi ba.

Abin da yake riƙe da jerin ƙarami ne ƙwarai, kuma jadawalin bai nuna shi ba. Daga damin farko zuwa na biyu, C tana sauka rabin taku ta zama B, F tana nan. Daga na biyu zuwa na uku, F tana sauka rabin taku ta zama E, B tana nan. Tsakanin B da F akwai tazarar cikakken taku uku, wadda kunne ba ya samun natsuwa da ita sai an warware ta, kuma wannan rashin natsuwa shi ne yake tura kiɗan gaba. Mai busa da ya sa C ta faɗa kan B daidai lokacin da dami ya juya, ya kuma sa F ta faɗa kan E, ko da fiyano ya yi shiru za a ji dammunan a cikin busarsa. Wanda ya yi ta hawa da sauka a tsani uku ba tare da ya kula da waɗannan mahaɗai ba, bai busa sautin da ya saɓa ba, amma kuma bai ce komai ba. A nan ne ma lambar da aka sa wa F take ɓatar da ɗalibi. Sautin da aka ce ya kauce wa shi ne wanda saukarsa kan E take sanar da an iso gida. Charlie Parker, wanda ya rasu a 1955, ya yi mafi yawan manyan faya-fayansa kafin littafin Russell ya fito, kuma layukansa cike suke da irin wannan sauka da kewaye sauti ta sama da ta ƙasa kafin a dira a kansa.

Hujja mafi ƙarfi tana wurin Coltrane. A farkon watan Mayu 1959 ya ɗauki "Giant Steps", kiɗa mai awo 16 da dami 26, yana tsalle tsakanin mazaunai uku, B da G da E♭, da gudun da ya kusa bugu 300 a minti. A wurare da yawa dami ba ya wuce bugu biyu, abin da bai kai rabin sakan ba. A wannan ɗan lokaci, bisa gudun da ake busa layukan, sauti huɗu ne suke shiga. Ina za a sa bakwai? Abin da Coltrane ya yi shi ne ya yawaita amfani da 'yan ƙananan siffofi, musamman mataki na 1 da 2 da 3 da 5 na kowane dami, da kuma zayyana sautukan damin kansu. Mutumin da ya zauna cikin Doriya makonni kaɗan kafin nan ya san cewa wannan wani aiki ne dabam, ya kuma zo masa da kayan aiki dabam. Da ya koma kan zubi, a "Impressions" da aka ɗauka a 1961 bisa tsarin "So What" sak, sai ya koma ga dogon zama a mazauni guda.

Bulus ma bai shiga jadawalin da daɗin rai ba. Ga damin C E G B♭ an rubuta Miksolidiya, wadda E ce a matakinta na uku. Amma mawaƙin bulus da mai busa da ke kwaikwayon muryarsa sukan dira a kan E♭, ko a wani wuri tsakanin E♭ da E da babu maɓallinsa a fiyano, su bar shi yana gogar E ta damin. Wannan gogayya ita ce ɗanɗanon kiɗan. Masu ra'in sun sama mata suna daga baya, amma suna ne na bayan haihuwa.

6.0 Inda Ra'in Ya Ci Guminsa

Duk da haka ba a ce a yar da jadawalin ba. Daga tsakiyar shekarun 1960 an sami kiɗan da dammunansa ba sa jan juna zuwa wani mazauni na bai-ɗaya. A "Maiden Voyage" na Herbie Hancock, na 1965, kowane dami yana zaune awo huɗu, kuma ba ya bin na gabansa bashin komai. Haka abin yake a da yawa daga ƙage-ƙagen Wayne Shorter. A irin wannan wuri kowane dami ƙaramin mazauni ne, tambayar wane tsani ya dace da shi kuma tambaya ce ta gaskiya. Daɗin daɗawa, ra'in ya buɗe ƙofa ga dubban ɗalibai da ba su sami damar bin wani ubangida shekara da shekaru suna koyo da kunne ba, kamar yadda makaɗan farko suka yi. Laifinsa shi ne an ɗauki maganin ciwo guda ana ba kowane majinyaci.

7.0 Sunayen Girkanci da Kiɗan Gida

Akwai mutum guda da ya haɗa wannan tarihi da ƙasar Hausa. Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewar Turai, wanda ya yi aiki a ƙungiyar Adderley a farkon shekarun 1960, ya buga wani babban kundin tsanuka da siffofin kari a 1981 mai suna Repository of Scales and Melodic Patterns. A wannan shekarar ce ya zo Zariya, ya zauna har 1985 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Faifansa In Nigeria a wannan zama aka ɗauke shi, a 1983. Mutumin da ya tara tsanuka a takarda fiye da yawancin tsararrakinsa bai ga tarin ya ɗauke masa zama kusa da masu busa ba.

Manazarcin da ya saurari goge ko kukuma ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos zai ji wata kama da "So What": mazauni ba ya motsi, babu jerin dammuna, kari ne yake kewayawa yana dawowa. Daga nan sai sha'awar cewa "wannan Doriya ce" ta taso. Amma da yawa daga irin wannan kiɗa a kan tsani mai sauti biyar yake tafiya. A ɗauka an auna wani kari an sami abin da ya yi kusa da D F G A C. Babu mataki na biyu a ciki, babu na shida. In aka cike guraben da E da B, Doriya ce. In da E da B♭ ne, Iyoliya ce. In da E♭ da B♭ ne, Firjiya ce. Sautukan da za su raba gardama su ne ainihin waɗanda makaɗin bai buga ba, saboda haka zaɓar suna ɗaya daga cikin ukun ƙari ne daga aljihun manazarci. Bugu da ƙari, tsirkiyar goge ba ta da matakai a kafe, yatsa ne yake neman sauti, kuma ba dole ba ne ya faɗa daidai inda fiyano ya raba zagayensa gida 12.

Abin da za a iya ɗauka daga zancen zubi shi ne faffadar ma'anarsa, irin wadda Harold Powers ya bayyana a ƙamusun kiɗa na New Grove a 1980, inda ya ajiye zubi a tsakanin tsani zalla da kari takamaimai, ya kuma haɗa da maƙamat na Larabawa da raga na Indiya. A wannan ma'ana zubi ya ƙunshi sautin da ake hutawa a kansa, da wanda ake ratsawa kawai, da 'yan siffofin da ake buɗewa da su ko rufewa. Waɗannan su ne za a tambaya game da goge: a wane sauti mai gogen yake ajiye ƙarshen layi, a wanne 'yan amshi suke karɓa, kuma yaya hawa da saukar karin suke tafiya da karin sautin kalmomin da ake rerawa. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a ƙamusunsu na 1971 ta hanyar bin makaɗa da jin abin da suke kiran kayansu da sana'arsu. Ta wannan hanyar ya kamata a nemi sunan mazauni da na zubi, a tambayi mai goge abin da yake cewa idan yaronsa ya ɗaure tsirkiya ba daidai ba, da abin da yake cewa idan ɗan amshi ya karɓa a inda bai kamata ba. In an sami kalmominsu, to "zubi" da "mazauni" da aka yi aiki da su a nan sai su ba da wuri.